Jan digo a kan fistol: kurakuran da masu saka leza suka fi yi da yadda ake gyara su

Jama'a wannan magana ta kasashen da doka ta yarda farar hula ya rike fistol ce, musamman Amurka inda kotun kolinsu a 2008 ta tabbatar mutum na da hakkin ajiye karamar bindiga a gida don kare kansa. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta saka fistol a jerin wadanda aka haramta sai da lasisin shugaban kasa, don haka in kana Kano ko Zariya karanta don ilimi kawai. Kai ko a Amurkan ma in da bizar karatu ko ta ziyara ka shigo, dokar tarayya ta hana ka mallakar bindiga sai ta wasu 'yan kofofi kalilan, mai girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, shi ne aka yarje wa, sannan kowace jiha da nata tsarin. Birnin Chicago ma ya haramta ita kanta lezar da ake makala wa bindiga. To kuskuren farko ke nan tun ba a je ko'ina ba, mutum ya yi oda a intanet bai tambayi dokar garin da yake zaune ba.

Ita leza abu daya tak take yi, tana nuna maka inda bakin bindigarka ya dosa. Ba ta rike maka hannu, ba ta ja maka kunama, kuma ba ta san waye a gabanka ba. Kusan duk sauran kurakuran daga manta wannan suke fitowa.

Wanda na fi gani shi ne farautar digo. Mutum ya zaro bindiga, maimakon ya daga ta daidai idonsa yadda aka koya masa sai ya tsaya da ita a wajen kirji yana juya hannu yana neman ina jan digon ya fada, digon kuwa watakila ya wuce ta saman kafadar abin harin yana can jikin bango mai nisa, ko rana ta shanye shi, ko kayan da ke gabansa bakake ne ba ya fitowa sosai. Wannan lalube yana cin lokaci, lokacin kuwa babu shi. Wani sajan na 'yan sandan Salt Lake City mai suna Dennis Tueller ya nuna tun 1983 cewa mutum mai wuka zai iya cin tazarar kafa 21 cikin kamar dakika daya da rabi, wato kusan lokacin da kwararre ke dauka ya zaro ya harba. Gyaran shi ne ka saba da daga bindiga zuwa layin ido kullum, iri daya, ko da leza ko babu. In digo ya bayyana madalla, in bai bayyana ba saitin karfen da ke saman bindigar yana gabanka ka yi aiki da shi. Kuma a kowane zuwa filin harbi ka kashe lezar ka yi wani kaso na harbinka ba ita, saboda batir ba ya sallama kafin ya mutu.

Sai maganar rawar digo, wadda take karya wa sababbi gwiwa. Ranar farko da mutum ya kunna sai ya ga digon yana ta zillo a jikin takarda, ya dauka ko hannunsa ne ke da ciwo. Hannun kowa haka yake yi malam, da can ma yana yi, ba ka gani ne kawai. Abin da ke bata harbi shi ne ka jira digo ya gifta ta tsakiya sai ka fizgi kunama da sauri wai kar ya tsere maka, shi ya sa mai harbi da hannun dama za ka ga harsasansa sun taru kasa ta bangaren hagu. Ka bar digon ya yi rawarsa a cikin dan da'irarsa, kai kuma ka matsa kunamar a hankali kai tsaye zuwa baya har ta tashi. A nan ne ma ni a ganina lezar ta fi biyan kudinta, wajen atisaye a gida ba harsashi. Ka cire magazin, wato gidan harsashi, ka ja saman bindigar baya ka leka cikin bututun da idonka har sau biyu, ka kai harsasan wani dakin daban, ka zabi bangon da ka san ba kowa a bayansa, sannan ka dora digo a wuri daya ka matsa kunama kana kallo. In ya yi tsalle lokacin da ta yi kas, to ga laifin yatsanka nan baro-baro ba sai wani ya fada maka ba. Minti goma a kai a kai ya fi ka kona akwatin harsashi sau daya a wata.

Saiti kuma mutane da yawa suna dauka an gama shi daga kamfani. Lezar ba a cikin bututu take ba, ko dai tana kasa da shi da kamar inci daya zuwa biyu irin su Streamlight TLR-8 da ke hawa layin karkashin bindiga, ko tana gefen dama irin wadda kamfanin Crimson Trace ke sakawa a jikin marikin bindiga. Don haka layin haske da hanyar harsashi a nisa daya kawai suke haduwa. In ta kasa ce, kafin wurin haduwar harsashi zai fada saman digo kadan, bayan wurin kuma ya fada kasa da shi, kuma in ka saita ta a kusa sosai kamar yadi uku to a yadi ashirin bambancin zai yi yawa. Ka zabi nisa mai ma'ana, da yawa suna sa yadi goma zuwa sha biyar, ka daidaita da dan makullin da ke zuwa a kwalin, ka tabbatar da harsashi na gaske irin wanda kake ajiyewa a ciki, sannan lokaci lokaci ka duba ko digon yana nan zaune a kan saitin karfe, don girgizar harbi da faduwa suna kwance shi. Masu ta mariki kuma su lura, yatsan da ka mike a jikin bindiga nesa da kunama kan iya tare hasken, sai ka gwada inda za ka ajiye shi.

Ja ko kore? Kore ido ya fi kama shi da rana, ya fi tsada kuma ya fi shan batir. Ja da daddare ko a cikin gida ya wadatar. Dukansu na farar hula karfin haskensu ba ya wuce miliwat 5, don haka a tsakar rana mai kwalla kar ka sa ran abin al'ajabi. Ban ga dalilin doguwar gardamar da ake yi a kan wannan ba.

Yanzu ga wanda zai iya kai mutum gidan yari ko makabarta. Akwai masu cewa ai da barawo ya ga jan digo a kirjinsa zai ranta a na kare. Mai yiwuwa ne, amma wa ya ce maka zai sunkuya ya kalli kirjinsa, bindigar da hannunka yake kallo. Kuma dora wa mutum digo daidai yake da nuna masa bindiga, in ba ka cikin hadarin da doka ta yarda ka kare rai da makami to laifi ka aikata babba, ko da ba ka harba ba, rigimar wurin fakin ko cacar baki da makwabci ba sa ciki. Daga cikin ka'idoji hudu na Jeff Cooper, wani fitaccen malamin harbi na Amurka, da malaman harbi ke yawan maimaitawa akwai cewa kar ka nuna bakin bindiga ga abin da ba ka shirya lalatawa ba, kuma ka tabbatar da abin harinka da abin da ke bayansa. Leza ba ta haska fuska. Digo zai zauna daram a kirjin danka da ya dawo gida tsakar dare kamar yadda zai zauna a na dan fashi. Saboda haka tocila ta hannu daban wajibi ce, da ita ake dubawa, ba da fitilar da ke jikin bindiga ba, don duk inda waccan ta haska can bakin bindigar yake. Wasa da lezar a sama ma ka kiyaye, haska jirgin sama da leza laifin tarayya ne tun 2012, daurinsa na iya kai shekara 5.

Abin da ya fi damuna shi ne masu atisaye a tsaye cikin natsuwa, ga kunnuwa a toshe ga haske ga takarda ba ta motsi, su tara harsashi wuri daya su ce sun iya. In tsoro na gaske ya zo zuciya na dukan uku-uku, hannu na bari, ganinka ya kuntace ya koma kan abin da ke tsoratar da kai kadai, wasu ko karar harbin ba sa ji, yatsu su yi nauyi har dan madannin kunna lezar ya gagare ka. Binciken da cibiyar bincike ta RAND ta yi wa 'yan sandan New York ya nuna daga 1998 zuwa 2006, a musayar wuta kashi 18 cikin dari na harsasansu ne ke samun wanda suka hara, su da aka horar ke nan. Gaskiya ne a irin wannan hali ido kan makale a kan maharin, shi ya sa leza ke da amfani tunda digon can yake, haka nan in ka fadi kasa ko kana leke ta bayan wani abu ba ka iya kawo bindiga layin ido, ko dattijon da idonsa ya daina ganin saitin karfe. Amma sai in ta kunnu. Ka zabi wadda riko kawai ke kunna ta, ko ka maimaita kunnawar har ta zama jiki. Ka sa agogon harbi mai kara ya rika matsa maka, ka dan yi gudu ko tsallen kwado kafin ka harba in filin ya yarda, ka shiga ajin harbin duhu, in da hali ka yi ajin da ake arangama da harsashin fenti irin Simunition karkashin malami mai lasisi, a can ne ake koyon yaushe ba a harbi, da yaushe guduwa da kiran lambar gaggawa ta 911 ya fi.

Kube kuma dole ka sake, wanda ka saya kafin ka saka leza ba zai dauke ta daidai ba, kuma wanda bai rufe kunama gaba daya ba hadari ne. Batir ka sa ranar canza shi a kalandar waya ko bai mutu ba, gilashin lezar ka goge shi da dan auduga bayan kowane harbi don hayakin albarushi na dushe shi. In akwai yara a gidan, jan digo abin wasa ne a idonsu, bindigar ta zauna cikin akwatin karfe mai lamba wanda kai kadai ka san yadda ake bude shi.