Wuski mai araha: kurakuran da ke ɓata ɗanɗanonsa, da waɗanda ke ɓata lafiya

Musulmi ya san hukuncin giya a addininsa. Wannan bayani na masu sha ne da masu riƙe da mashaya a Garwa, Marwa da Njamena, inda ake yawan ɗora wa wuski laifin da na mai zubawa ne.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar wuski na haɗi a matsayin na banza. Irin su Johnnie Walker Red Label, J&B, Grant's da Ballantine's gauraye ne na wuskin sha'ir da na alkama ko masara. Dokar Sikotlan, inda ake yin su, ta ce dole ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar katako, ƙarfinsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Na alkama ko masarar ne ke kawo laushi da ɗan zaƙi, na sha'ir ya kawo ƙamshi, wani lokaci har da ɗan hayaƙi. Kada duhun launi ya ruɗe ka, domin an yarda a sa masa launin ƙonannen sukari. Duhu ba tsufa ba ne.

Sai zafi. A Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, kwalbar da ta wuni a kan kanta kusa da rufin kwano za ta bugi hanci da barasa zalla, ƙamshin ya ɓace. A ajiye ta a inuwa, a tsaye, murfi a ɗaure. Wajen zubawa, santilita 4 ya isa kofi ɗaya. A ɗiga ruwan sanyi kamar cokalin shayi ɗaya ko biyu, a jira minti biyu kafin a kurɓa. Ruwan yana kwantar da yajin, zaƙin ya fito.

Ƙanƙara ma tana da nata. Dakakkiya tana narkewa nan take, ta bar maka ruwa salam. Babban dunƙule ɗaya ya fi, kuma na ruwa mai tsabta. Wadda ta kwana a firji ɗaya da kifin Binuwai, ƙarnin zai biyo ta har cikin kofi. Wanda ke son haɗawa da soda ya yi kashi ɗaya na wuski, uku na soda. Cika shi da lemon kwalba mai sukari yana ɓoye ƙarfin, mutum ya yi ta sha bai san ya wuce ba: kofi biyu na santilita 4 sun kai ƙarfin babbar kwalbar giya ta santilita 65.

Mafi muni shi ne jabu. Ana tara tsofaffin kwalabe a sake cika su, don haka kyan kwalba ba shaida ba ne. Duba zoben murfi ko an taɓa karya shi, duba ko takardar ta karkace ko rubutun ya dushe, ka ɗaga kwalbar a haske ka ga ko akwai gurɓata a ƙasa. In kuɗinta ya yi ƙasa da na manyan kantuna nesa ba kusa ba, bar ta. Wuskin leda kuwa, wanda gwamnatin Kamaru ta sa wa dokar hani tun 2014 amma bai bar kasuwa ba, kada a auna shi da wannan ma'auni. Jabu na iya ƙunsar sinadarin metanol, wanda harshe ba ya ganewa, kuma illarsa kan jinkirta awa 12 zuwa 24. Ciwon ciki, amai da gani dishi-dishi bayan sha ba gajiyar jiya ba ce, asibiti za a nufa nan take, don yana makantarwa, yana kisa. Mai mashaya ya riƙa fasa kwalaben da suka ƙare, kada ya sayar wa masu tara su.

Kada a haɗa wuski da taramol, domin su biyun suna danne numfashi. Wanda ya sha kuma ya bar babur ɗinsa a nan, ya hau na haya.