Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa lambar katsewa da adireshinta

Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga ƙannenmu masu koyon Arduino a nan Jidda, shi ya sa na rubuta. Katsewa (interrupt) ita ce siginar da ke sa cif ya dakatar da aikin da yake yi ya tafi ga mai karɓarta, wato ɗan shirin da aka rubuta mata. Kowace katsewa tana da lamba da gurbi a wani jadawali a ƙwaƙwalwar cif, gurbin ne ke kai cif ga mai karɓarta.

Babban kuskuren shi ne a kwafo lamba daga takardar bayanan cif a miƙa wa kwamfaila yadda take. Takardar ATmega328P, cif ɗin Arduino Uno, daga 1 take fara ƙirga, RESET ne na 1, INT0 (katsewar waje ta farko) na 2. Shi kuwa kwamfaila avr-gcc daga sifili yake farawa, a wurinsa INT0 shi ne __vector_1. Kana rubuta __vector_2 da hannunka ka kama INT1, katsewar da ke bin INT0, ba ka sani ba. Idan INT0 ya taso bai tarar da mai karɓarsa ba, sai ya faɗa __bad_interrupt, wanda ke mayar da shirin adireshi 0. Na'ura ta yi ta sake tashi kamar ana ɗauke mata wuta. Wannan ya taɓa cinye min riyal masu yawa a aikin famfon ruwan wani maigida a Makka: na canza cif, na canza wayoyi, alhali duk lafiyarsu lau. Tun daga nan ba na rubuta lamba sam, da suna nake kiran katsewar, ISR(INT0_vect) kawai. Kuma don Allah ku riƙa karanta gargaɗin kwamfaila! In kun yi kuskuren rubuta sunan, yana faɗa muku bai yi daidai ba, ku kuwa tunda shiri ya hau cif shi ke nan, an tafi shan shayi.

Na biyu, adireshin da kansa. Takarda ta ce INT0 yana 0x0002, avr-objdump, mai nuna abin da kwamfaila ya fitar, ya nuna 0x0004, sai yaro ya rantse kwamfaila ya lalace. Takarda kalma take ƙirgawa, shi kuma bayit, kowace kalma bayit 2 ce. A ATmega88 gurbin kowace katsewa kalma ɗaya ne ma, ba biyu ba kamar a ATmega328P, saboda gajeren umarnin tsalle RJMP ake sawa a ciki, ba JMP ba.

Masu cif 8051 da kwamfailan Keil: don samun adireshi, a ninka lambar katsewa sau 8, a ƙara 3. Lamba 1 tana 0x000B, lamba 4 tana 0x0023.

A cif ɗin ARM Cortex-M kuwa ba umarnin tsalle ke cikin jadawalin ba, adireshi ne tsura. Don samun gurbin, a ƙara 16 a kan lambar katsewar (IRQ), a ninka sau 4. In da C++ kake rubuta mai karɓar katsewar, sa extern "C", in ba haka ba sunan zai sauya, Default_Handler, mai karɓar katsewar da ba ta da nata, ya riƙe ka yana juyawa wuri ɗaya.

attachInterrupt(2) a kan Uno ba ƙafa ta 2 yake nufi ba, lambar katsewa yake nufi, yi amfani da digitalPinToInterrupt(2).