Kurakuran masu fara parkur: a koyi dira kafin a koyi tsalle

Ran nan da la'asar ɗan yayata ya shigo gida yana ɗingishi, silifas ɗaya a hannu. Na ce, "Kai, me ya same ka?" Ya ce, "Ba komai Kawu, parkur muke yi." Sai da na matsa masa ya faɗi gaskiya. Ashe daga katangar wani kango ya diro kan siminti, abokinsa na ɗaukarsa a waya. Da dunduniya ya sauka, ƙafafu a miƙe kamar taɓarya. Mako uku bai taka ƙwallo ba.

Parkur wasa ne na gudu, tsalle da haura katangu da shingaye. Babban kuskuren yaranmu a Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru, ke nan, ta ƙarshen wasan suke farawa. Bidiyon TikTok na daƙiƙa goma tsallen kawai yake nunawa, ba ya nuna shekarun da mutum ya yi yana dira daga kan dakali. David Belle, wanda ya assasa wasan a garin Lisses kusa da Faris a ƙarshen shekarun 1980, daga mahaifinsa Raymond ya gaji horon. Shi kuwa Raymond sojan kashe gobara ne, mai neman ya isa wurin wanda zai ceta da ƙafafunsa lafiya. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma a parkur ba karin magana kawai ba ce: tafiya da hannu da ƙafa a ƙasa tana cikin atisayen farko.

To, ga gyaran. Hau bulo guda ka diro. Ka sauka a kan gaban tafin ƙafa, wajen tushen yatsu, gwiwoyi su lanƙwashe suna kallon inda yatsun suke kallo, kada su karkato ciki su haɗu. Kunnenka ne alƙali. In ka ji "tim", ƙashi ne ya sha nauyin. Maimaita har saukarka ta zama ta kyanwa, sannan ka ƙara bulo na biyu. A watannin farko, ni ban yarda yaro ya diro daga abin da ya wuce ƙugunsa ba.

Sai mirginawar da ake kira rulad, wadda da yawa suke ɗauka alkafura ce. Mai alkafura ta tsakiyar kai da ƙashin baya yake bi, a kan siminti kuwa wannan neman karya wuya ne. Rulad a karkace take. Haɓa a ƙirji, hannuwa su tarbi ƙasa, ka shiga ta bayan kafaɗar dama ka fita ta kwankwason hagu, kai bai taɓa ƙasa ba. Fara daga tsugune. Mu nan Allah ya hutar da mu sayen katifa, yashin Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, da rani ya isa, in dai an tsince fasassun kwalabe tukuna. Da damina kam a bar kogin, ruwa kan zo ba sallama ko da ba a yi ruwan sama a cikin gari ba.

Wani sakacin shi ne taka abin da ba a gwada ba. Katangar laka da ta sha damina, bulon da aka yi wa rowar siminti, duk suna marmashewa a hannu. Girgiza, taka, leƙa sama ko an dasa kwalabe ko waya ta ratsa. Rufin kwano ba wurin wasa ba ne sam. Katangar mutane kuma sai da izini, don a unguwa wanda aka hango a kan katanga ihun ɓarawo ake fara yi masa, tambaya daga baya. Silifas a bar shi a gida, kambas mai ɗauri da ƙasan roba ya wadatar.

A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. A fita bayan asuba ko la'asar sakaliya, da gorar ruwa, a fara da sassarfa da juya idon sawu da wuyan hannu na minti goma. Kwana uku a mako ya isa, domin tsoka tana rigan jijiyoyi ƙarfi. Yaron da ke cikin girma, in ƙasan ƙoƙon gwiwarsa ya fara ciwo, hutu yake nema.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɓoye rauni don tsoron faɗan gida. In ƙafa ta kumbura har ba ta takuwa, a je asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin a nemi mai ɗori, saboda ƙarshen ƙasusuwan yaro bai gama ƙwari ba, abin da ake zaton targaɗe yana iya zama karaya. In ƙusa ko kwano ya yanke ka, wanke da sabulu ka je a duba maganar allurar tetanus. Wanda ya bugu a kai ya fara amai, jiri ko ruɗewa, a kai shi a ranar.

Ɗan yayata ya warke. Yanzu kullum da yamma yana ƙofar gida da bulo biyu, ni kuma ina kan tabarma na juya masa baya, in na ji saukarsa sai in ce, "Sake."