Yadda matashi zai kama haya a Abuja ba tare da albashi ya ƙare a hannun mai gida ba

Wanda ya gama hidimar ƙasa ya samu aiki a Abuja, murnarsa takan tsaya ne ranar da ya fara tambayar kuɗin ɗaki. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, masu gidaje kuwa ba ruwansu da biyan wata-wata, na shekara suke so a dunƙule, wani ma ya ce sai na shekara biyu. Su Maitama da Asokoro da Wuse II ba don sabon ma'aikaci aka gina su ba. Mafi yawan masu cika ofisoshin cikin gari da safe, a Nyanya, Kubwa, Lugbe, Mararraba ko Suleja suka kwana. Ga yadda za ka shiga sahunsu ido buɗe.

Na farko: lissafin da dillali ba zai yi maka ba

Kuɗin da aka faɗa maka ba shi ne kuɗin gidan ba. A ce ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki an yi maka shi 800,000. Dillali zai karɓi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100, wato 80,000. Lauyan da ya rubuta yarjejeniya shi ma kusan haka. Sai kuɗin ajiya da ake riƙewa ko da za ka fasa wani abu, a ce 50,000. Ka ga an haura miliyan ɗaya, ko katifa ba ka saya ba.

Amma babban ramin da ke cinye matasa kuɗin mota ne, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Ɗauki biro. A ce ka samu ɗaki a Masaka kan 500,000, kana kashe 3,000 kullum zuwa da dawowa. Kwana 22 na aiki, 66,000 ke nan a wata, 792,000 a shekara. Jimilla 1,292,000. Wani kuma ya kama na 900,000 kusa da wurin aikinsa, yana kashe 1,200 a rana: 316,800 a shekara, jimilla 1,216,800. Wanda ya kama gidan tsada ya fi ka rara, kuma yana barci har gari ya waye, kai kuwa ko addu'ar bayan sallar asuba a tsaye kake yin ta. Waɗannan lambobin misali ne, ka sa naka a gurbinsu, ka ƙara da kuɗin ruwa da na wuta. Idan jimillar ta haye rabin abin da kake samu a shekara, gidan nan ba naka ba ne, komai kyan tayil ɗinsa.

Na biyu: zaɓi hanya kafin ka zaɓi unguwa

Manyan hanyoyi uku ne ke zuba ma'aikata cikin gari. Akwai ta Keffi, mai bi ta Masaka, Mararraba da Nyanya ta faɗo mahaɗar AYA da ke Asokoro. Akwai ta Kubwa, mai ɗebo mutanen Suleja, Madalla, Zuba da Dutsen Alhaji. Sai ta filin jirgi, ta mutanen Lugbe, Kuje da Gwagwalada. Duba wadda ofishinku ya fi kusa da bakinta, ka tsaya a kanta. Mota ɗaya ta kai ka ta fi sauka biyu sauƙi nesa ba kusa ba.

Kada ka gwada hanyar ranar Asabar, za ta yaudare ka. Kwana wurin wani aboki a unguwar daren Lahadi, ka fito da safiyar Litinin ka sha cunkoson gadar Nyanya da kanka, sannan ka yanke shawara.

Na uku: nemi abokin zama

Shekarar farko ba ta nuna isa ba ce. Ku biyu ku kama ciki da falo ya fi kowa ya kama nasa. Sai dai ku yi magana tun ran gini: wa zai sayi gas, ina baƙi za su kwana, in ɗaya ya samu canjin aiki ko ya tashi aure a tsakiyar shekara yaya za a yi da kasonsa. Ku rubuta, ko da a WhatsApp ne. Kuma sunayenku duka biyu su fito a rasit.

Ke kuma 'yar'uwa, ki shirya jin "ba ma ba mace marar aure haya". Abin da ciwo, amma yana faruwa. Zuwa da yaya ko kawu ya tsaya miki yakan rage dogon turanci.

Na huɗu: dillali

Fara da mutanen da ka sani: abokan aiki, 'yan garinku, jama'ar masallacin unguwar. Sau da yawa wani na shirin tashi, sai ya haɗa ka da mai gida kai tsaye, la'ada ta tsira. In dole sai da dillali, kada sisinka ya fita da sunan haya kafin ka ga mai gidan ko lauyansa, ka kuma ga makulli ya buɗe ƙofar. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin gani har sau uku ga mutum ɗaya, duk gidan da muka je sai ya tafa hannu ya ce "kash, yanzun nan aka biya". Daga baya na gane yawon shi ne sana'arsa. Da ka ji "akwai wani yana hanya da kuɗinsa", ka ce Allah ya ba shi sa'a.

Na biyar: duba gidan kamar mai neman aibu

In da hali ka je da damina, bayan an ɗauke ruwa. Sabon fenti daga ƙasan bango zuwa gwiwa yana nufin ana ɓoye danshi. Ɗora tafin hannunka ka ji. Ɗaga kai ka nemi tabo a silin. Buɗe famfo. In babu rijiyar burtsatse, tambayi nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da kura da rani. Mitar wuta ta zama mai kati, kuma a gabanka a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, don duk katin da ka saya za a riƙa zaftare shi. Tambayi rukunin da kamfanin wuta ya sa layin: 'yan rukunin A sun fi samun wuta, amma tun Afrilun 2024 kuɗinsu ya ninka fiye da sau uku.

Sannan ka zagaya bayan layi. In ka ga jan fenti da alamar X a katangun maƙwabta, hukumar kula da gine-gine ta Abuja ta sa wa wurin ido, kuma ranar rusau ba mai mayar wa ɗan haya kuɗinsa. Sauran labarin yana wurin mai shayin bakin layi. Sayi kofi ɗaya ka zauna, zai gaya maka ko ɓarayi na shigowa, da dalilin tashin wanda ya bar ɗakin.

Na shida: takarda

Biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke cikin yarjejeniya. Karanta wurin da ya yi maganar ƙarin haya, gyara, da mayar da kuɗin ajiya. A dokar Abuja, mai hayar shekara-shekara yana da notis na wata shida kafin a tashe shi, sai fa in yarjejeniyar ta faɗi wani wa'adi daban, shi ya sa wasu lauyoyi ke cusa wata ɗaya a shafi na uku. Mararraba kuwa Nasarawa ce, Suleja Neja, kowace da dokarta. Ɗauki hoton kowane tsagewa da fasasshen gilashi ranar da ka shiga.

Na bakwai: hayar baɗi tana farawa daga albashin wannan watan

Raba hayar gida 12, ka ɗan ɗora wani abu saboda ƙari, ka cire shi ranar da albashi ya shigo. In ba ka iya riƙe kuɗi, shiga adashin ofis, ka roƙi a sa kwasarka wata guda kafin hayarka ta ƙare. In kuma ana cire maka kashi 2.5 na Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, je wurin akawun albashi ka karɓi lambarka, ka tabbatar kuɗin na isa bankin rancen gidaje na tarayya, FMBN. Wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman rancen gida da ake biya har tsawon shekara 30, da ruwa kashi 6. Mai gudun ruwa sai ya fara zama da malaminsa kafin ya cike fom.