Yadda za ka tabbatar gwajin mantuwa bai zalunci dattijonka ba

A Makka da Jidda muna da iyayen da suka yi shekara da shekaru a nan, amma Larabcinsu na cefane ne, tunani kuwa da Hausa suke yinsa. Idan mantuwa ta yi wa ɗayansu yawa aka kai shi asibiti, likita kan jero tambayoyi ya ba da maki. Makin nan awo ne, kuma mudun wata kasuwa ba lalle ya yi daidai da tamu ba.

Fara da tambayar sunan gwajin. Gwajin MMSE ya fito a Amurka a 1975. MoCA kuma Dakta Ziad Nasreddine ne ya tsara shi a Kanada, kuma a gwajin ana ɗaukar maki 26 zuwa sama a matsayin lafiya. Kowannensu maki 30 ne.

Daga nan ka faɗa wa likita zurfin karatun Baba ko Hajiya, don nan ne aka fi yin kuskure. MoCA na ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. To ina maki ɗaya zai kai tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, an ce ta zana agogo? Wanda ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo na iya faɗuwa a nan alhali ƙwaƙwalwarsa garau take, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ka tambaya ko akwai gwajin RUDAS, wanda aka fitar a Ostireliya a 2004 domin masu harsuna daban-daban. Ba ya neman karatu, yana tambayar kayan cefane da yadda ake tsallaka titi.

Nemi tafinta mai jin Hausa. In kai ne tafintan, faɗi tambayar yadda take, kada tausayi ya sa ka raɗa amsa. Idan an tambayi kwanan wata Baba ya amsa da Hijiriyya, tabbatar likita ya gane lissafin da ya bi.

A je da tabarau da na'urar ji. Kada a yi gwajin cikin zazzaɓi ko bayan daren da ba a runtsa ba.

Maki kaɗai ba ya yanke hukuncin gigin tsufa. Ciwon damuwa da ƙarancin bitamin B12 ma kan rage makin. Rubuta sunan gwajin, makin, ranar da harshen da aka yi amfani da shi, domin in an maimaita bayan watanni a kwatanta iri da irinsa.