Kar ka yi saurin saida ordinater ɗinka, canza mishi dis dur tukuna

Yawancin ordinater da muke aiki da su nan Yamai okaziyon ne, HP ko Dell ko Lenovo da aka yi aiki da su can Turai kahin su iso mu, kuma kukan mutane ɗaya ne: in ka kunna sai ka sha shayi ka dawo bai gama buɗewa ba. Mutum ya hau tunanin sayen sabo alhali abin da ke jawo nauyin nan dis dur ne. Tsohon dis dur faifai ne ke juyawa a ciki, galibi sau 5400 a minti, gudun karatunshi bai wuce mega 100 da ɗoriya a sakan ba, shi ko SSD, wato sabon irin dis ɗin ajiya, na SATA (hanyar haɗi irin ta tsohon dis dur) yana kai mega 500, babu abin da ke juyawa cikinshi balle girgizar kabu-kabu ta lalata shi. Ni dai shawarata kullum SSD farko, RAM, wato memuwar da na'ura ke aiki da ita lokacin da take kunne, daga baya.

Amma kahin ka tahi kasuwa, duba mi ke cikin na'urarka. Juya ta ka karanta lambar model a ƙasa, sannan ka danna Ctrl+Shift+Esc, a tagar da za ta buɗe, wajen Performance zai nuna maka RAM giga nawa gare ka da ramin RAM nawa aka cika. Ƙaramin logisiyel ɗin nan CPU-Z kyauta ne, shi zai gaya maka irin RAM ɗinka, ko DDR3 ne ko DDR4. Wannan wurin ne mutane ke asarar kuɗi, don baret, wato sandar RAM, ta DDR4 ba ta shiga ramin DDR3, tsagar ba wuri ɗaya take ba, DDR3 ƙafa 204, DDR4 kuma 260, kuma ko cikin DDR3 ɗin akwai DDR3L mai cin volt 1.35 wadda wasu na'urori ba su karɓar komi sai ita. Ka ce ma mai shago ta portabul kake so, SO-DIMM, ba doguwa ta ordinater ɗin biro ba. Mafi sauƙi ka ɗauki na'urar ka tahi da ita a gwada gabanka.

SSD ma iri biyu ne, akwai mai inci 2.5 da ke zama daidai wurin tsohon dis dur, akwai siririn nan M.2, shi ma wani SATA ne wani NVMe, ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. In okaziyon za ka saya, sa a buɗe maka logisiyel ɗin CrystalDiskInfo ka ga lahiyarshi da awowin da ya yi yana aiki.

To aikin kanshi. Kwashe hotunanka da takardunka bisa kile ko wani dis. Kashe na'urar gaba ɗaya, cire sharjer, cire batiri, in na ciki ne to da ka buɗe murhin abu na farko shi ne zare wayar batirin daga kat mer, wato babban allon da komi ke haɗe bisanshi. Lokacin hunturu iska ta bushe ƙwarai, jikinka na tara wutar nan da ke ɗan tsirarka in ka taɓa ƙofar mota, ita kaɗai ta isa ta kashe baret, don haka taɓa ƙarfe kahin ka sa hannu, kuma ka riƙe baret ta gefe. Ɗauki hoto da salula kahin ka kwance komi, don bis ɗin ba tsawonsu ɗaya ba, doguwa in ta shiga wurin gajera tana iya huda roba. Baret ana sa ta a karkace, ka tura sannan ka danna ƙasa har ƙarafunan gefe su ce ƙas. In ta ƙi shiga kar ka tilasta.

Tunda ka riga ka buɗe, don Allah share fanka. Ƙurar Yamai da zahin watan Afrilu su ke sa na'ura ta riƙa rage gudu da kanta don kar ta ƙone, ko mi ka sa mata sabo ba za ka ji daɗinta ba in iska ba ta hita. In ka iya, goge tsohon pat termik, wato man da ke bisa prosesa don hidda zahi, ka sa sabo ɗan kaɗan.

Bayan nan sai ka sa Windows sabo daga kile, ka tabbata 64 bit ne don 32 bit ba ya ganin abin da ya wuce giga 4. Giga 8 ya isa aikin biro da karatu. Tsohon dis ɗin kuma kar ka yar, saya mishi ɗan akwati na USB ya zama wurin ajiya.

Prosesa da kat grafik kam manta da su, a yawancin portabul an like su da dalma bisa kat mer, wasu sirarun ma har RAM ɗin a like yake. Kuma ka sani Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 ko yana neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin na'ura, da prosesa Intel daga zubi na 8 zuwa sama, SSD ba zai canza maka wannan ba. In taka ta girmi haka, Linux Mint, wani sistem da ake sawa maimakon Windows, na tahiya lahiya lau bisa tsohuwar na'ura mai SSD.