Yadda za ka gane lokacin da ke jikin saƙon imel

Ƙanena ya kusa rasa burs ɗin karatu bara saboda awa ɗaya tak, an ce a tura dosiye kafin sha biyun dare agogon Paris, shi ko yana Yamai ya ɗauka lokacinmu da nasu ɗaya ne, Allah ya sa wani abokinsa ya ankarar da shi. Tun ranar abin ya tsaya min a rai.

Lokacin da kake gani a gefen saƙo a Gmail, an riga an juya shi zuwa agogon wayarka ko ordinatarka, ba agogon wanda ya aiko ba ne. To in saitin wayarka ya karkace, shi ma abin da kake gani ya karkace, don haka fara shiga saitin kwanan wata da lokaci ka bar shi a kan otomatik.

In kana son ganin na ainihi, buɗe saƙon a ordinatar ko a siber, danna ɗigo ukun nan na gefe, ka zaɓi "Afficher l'original". Rubutu zai fito birjik kar ka tsorata, nemi layin da ya fara da Date. A ƙarshensa akwai lamba kamar +0100, wannan namu ne, Nijar tana gaban agogon GMT (agogon da duniya ke auna lokaci da shi) da awa 1 kuma ba ma canzawa rani da damina. In ka ga +0000 agogon GMT ne, irin na su Abijan, Bamako ko Akara, ƙarfe 10:00 nasu 11:00 ne a Tawa. +0300 Saudiyya, +0400 Dubai, +0800 China, wato in mai kaya ya rubuto daga China 16:00 ka cire awa 7, tara na safe kenan a nan.

Faransa ce mai rikita mutane gaskiya. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna +0200, sun wuce mu da awa 1, sauran watanni kuma muna daidai da su. Shi ya sa sha biyun daren Paris a watan Yuni sha ɗayan dare ce a Yamai.

Wani abu kuma, layin Date ɗin nan yawanci daga na'urar mai aikowa yake fitowa, in agogonsa ba daidai ba haka zai zo maka. Idan gardama ta tashi wani ya ce ai na turo tun jiya, duba layukan Received, kowace saba (babbar ordinatar da ke isar da saƙo) da saƙon ya ratsa tana buga nata hatimin lokaci. Daga ƙasa ake karantawa zuwa sama, na can saman shi ne isowarsa akwatinka.

Saƙon Amurka kuma ka lura, wata suke fara rubutawa kafin rana, 04/05 a wurinsu 5 ga Afrilu ne ba 4 ga Mayu ba.